Taki Ɗaya Ya Rage wa Jirgin Kawu Isuhu

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Kawu Isuhu, ƙanen innata, kuma makon jiya na yi sata dominsa. Ina wucewa ta gaban garejin masu gyaran moto a kasuwar Tasawa sai na hango wani tsohon buji, wato filogin inji, a ƙasa, gindinsa ya sha tsatsa, kansa fari kamar mai rawani. Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ya ɗauka ya jefa aljihu, zuciyata tana cewa ga igwa, Kawu zai ji daɗi. Yaron garejin ya biyo ni da ihu kamar na kwance injin jirgin sama. Na ruga, ya ruga. In kun ji an ce mun kifar da tiren masu ƙosai bakwai, ƙari ne. Tire ɗaya ne, shi ma girgiza kawai ya yi. Sai da na kai kwanar gidanmu ina haki na tuna cewa wanda na ɗauko wa bujin yana maƙabartar bayan gari tun ina ɗan shekara goma sha uku. Na koma na miƙa wa yaron kayansa. Ya ce in riƙe, ba abin da zai yi da shi. Yana nan a aljihuna, ni ma ba abin da zan yi da shi.

A irin wannan shafi na ga manya kan rubuta cewa mamaci mutum ne mai haƙuri, mai zumunci, mai riƙon salla. Kawu duk yana da waɗannan, ku rubuta masa su, Allah ya jiƙansa. Mai gyaran rediyo da waya ne, yana da ɗan tebur da laima a bakin tasha. Ya yi karatu har ya kusa zama wani abu, sai bai zama ba, ya dawo gida. Amma ni ba a kan teburin tasha na san shi ba. Na san shi ne a kan wata tsohuwar ƙofa da ya kwantar a kan bido biyu, irin jarkokin nan na ruwa, a ɗakin baya na gidan Kaka, inda dā ake ajiye harawa.

Abin ya faro ne daga wayar wani da aka kawo masa gyara. A cikinta ya ga wasu Turawa, manya da gemunsu, sun kewaye tebur suna tura 'yan ƙananan sojoji masu fenti, suna awo da ma'auni, suna jefa ɗan lido. Wai yaƙi suke yi a wani zamani mai zuwa, can tsakanin taurari, inda babu abin da ya rage sai yaƙi. Kawu ya kalla har cajin wayar mutane ya ƙare. Sannan ya ce, “Waɗanga ƙosassu ne, Janar. Sun rasa wahala har sai sun saye ta cikin kwali. Mu da muke da ita kyauta, mi zai hana mu?” Janar ni ne. Tun ina ƙarami yake kira na haka, wai don ban taɓa yin aikin da zan iya sa wani ya yi ba.

Cikin 'yan kwanaki ƙofar Kaka ta zama sararin samaniya. Sakaina da murafen tukwane suka zama duniyoyi. Buji da hanjin matattun rediyo suka zama igwa da injuna. Sojoji kuwa da lakar tabki muka gina su, kowane bai wuce ɗan yatsa ba, muka shanya a rana. Tsinken tsintsiya shi ne ma'auni, ɗan lido shi ne ƙaddara. Ya sa wa duniyar suna Zamanin Toka. Ni ke da 'Yan Rijiya, masu tsaron ruwan da ya rage. Rabi, 'yar babban kawuna, taubashiyata wadda Allah ya halitta don ta ƙure ni, ita ke da Masu Shanye Rana. Kawu ba ya da runduna. Shi ne mai labari, shi ne alƙali, kuma duk ranar Juma'a bayan an sauko masallaci shi ke buɗe yaƙi.

Yanzu da na ɗan girma, na leƙa wayoyin mutane ni ma, na gane cewa irin waɗannan labaran duhu suna da hanyoyin da suke bi, kamar yadda tatsuniya ke da nata. Kawu bai karanta su a ko'ina ba. Ya ga hoto, ya ji ƙamshin abin, sauran ya ɗebo daga nan tsakanin Tasawa da Mayahi.

Abu na farko da mai shiga wasan ke koya shi ne babu mutanen kirki. Ni na ɗauka tunda ruwa nake tsaro, ni ne mai gaskiya. Ya bar ni na yi ta hura hanci, sannan wata Juma'a ya bayyana cewa rijiyar da nake taƙama da ita kakannin sojojina ne suka ƙwace, suka rufe masu ita da ransu a ƙarƙashinta. Rabi ta yi dariya har ta bugi bido. Mako na gaba ya juya kanta, ya ce jiragenta ba da mai suke tafiya ba, da tsofaffin garinsu ake hura su. Ta yi fushi ta ƙi cin abinci. Kowa da hujjarsa, kowa da gawar da ya binne. In ka ce wane ya fi wane, sai Kawu ya ce ka jira mako mai zuwa.

Na taɓa tambayarsa abin da ya jawo yaƙin tun farko. Ya ce an manta, shekarun sun yi yawa, amma wasu tsofaffi na cewa akuya ce ta shiga gona.

“Akuya, Kawu? A sararin samaniya?”

“Kai ka taɓa ganin rigimar da ta fara da abin da ya fi akuya?”

Ban taɓa gani ba, har yau.

Injunan Zamanin Toka kuma duk gado ne. Waɗanda suka ƙera su sun mutu tun tuni, ba wanda ya san cikinsu. In igwa ta ƙi tashi, sojoji sai su ɗaura mata laya, su gaishe ta da kwana, su mare ta a gefe. Wannan ne wurin da ya fi ba shi dariya, don shi ma da mari yake fara gyaran kowace rediyo, kuma rabinsu a nan suke warkewa. Akwai kuma Babban Birni, wanda ba sojan da ya taɓa gani. Daga can umarni ke zuwa, amma saboda nisa, kafin saƙo ya iso wanda aka aiko wa ya mutu, sai jikansa ya karɓa, ya tashi runduna ya tafi kare garin da ya zama toka tun kafin a haifi ubansa. A lokacin famfon unguwarmu ya daɗe a mace, ana jiran wani ya zo daga nesa da wani ƙarfe. Ban haɗa biyun ba sai daga baya. Yaro man kaza ne.

Dokar da ta fi jawo mana faɗa da Kaka ita ce ta matattu. Kawu ya ƙi a gasa sojojin a wuta, ko da yake da an gasa su da sun yi ƙarko. Ya ce sojan da ba ya karyewa ba soja ba ne, gunki ne. Duk wanda ya mutu a fagen daga sai a murƙushe shi, a jiƙa lakar, a sake gina sabon kurtu da ita. A Zamanin Toka ko mutuwa ba ta sallamar mutum daga aiki. To amma jiƙa laka sai da ruwa, kuma shekarar ta fari ce, ruwa daga nesa ake turo shi. Kaka ta kama ni sau da dama da moɗa a hannu ina saɗaɗawa ɗakin baya.

“Maigida, ina za ka da ruwana?” Haka take kira na, irin wasan kaka da jika.

“Janaza za mu yi, tsohuwa.”

“Janazar uban wa? Mutane na neman na sha, ku kuna shayar da gumaka! Kai da Isuhu ba mai hankali ko guda. Ga gumaka, ga caca, a ɗaki ɗaya, cikin gidana.”

Wata rana ta shiga da tsintsiya ba ta faɗa wa kowa ba. Kisan kiyashi mafi girma a tarihin Zamanin Toka ke nan: shara ɗaya, duniyoyi uku suka tafi juji. Kawu bai yi fushi ba. Ya tsaya ya duba ɓarnar, ya ce wata tsohuwar annoba ce ta ratso daga bayan taurari, ba a san ranar da za ta dawo ba. Daga ranar, in Kaka ta gifta bakin ƙofa, sai mu yi tsit mu rufe rundunoninmu da hannu.

Duk waɗannan na haƙura da su. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya, shi ne zuwan taimako. A labarin Kawu, in aka yi wa mutanenka ƙawanya, za ka aika neman agaji, za a amsa maka, jirgi zai taso. Kuma kullum sai ya iso bayan an gama. Ya tarar da ƙasusuwa, kwamanda ya sauko da takalminsa mai ƙyalli ya yi jawabi, ya liƙa wa wani dutse lambar yabo, ya koma. Ihu bayan hari, kowane mako, kamar an yi masa alkawari. Ranar da abin ya ishe ni na ce, “Kawu, don girman Allah, sau ɗaya dai ba za su iso da wuri ba?”

“In sun iso da wuri, labarin mi za mu ba da, Janar?”

“Labarin mutanen da suka ci tuwo suka kwanta.”

“Wanga ba labari ba ne. Wanga gidanmu ne ranar da anka yi sa'a.”

Amma maganar ta zauna masa. A lokacin Rabi ta riga ta cinye rundunata kamar fara ta sauka gona. Soja ɗaya ya rage mini, Kofur Tsito, wanda ni na gina shi da hannuna: kai kamar ƙosai, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ba ya tsayuwa sai an jingina shi. Shi kaɗai ne a kan wata 'yar sakaina, yana tsaron rijiya ta ƙarshe. Juma'ar da ta biyo Kawu ya shigo da gwangwanin sardin da burodi. Muka cinye, muka lashe, ya wanke gwangwanin da ƙasa, ya ajiye shi can ƙarshen ƙofar, nesa da sakainar. Ya ce ga jirgin taimako ya taso. Duk Juma'a zai matsa tsawon tsinke ɗaya, kuma Kawu kaɗai ke da ikon tura shi. In Tsito ya rayu har gwangwanin ya taɓa sakaina, shi Kawu da kansa zai jefa ɗan lido. In jifa ta yi kyau, karo na farko a Zamanin Toka, an ceci mutum da ransa.

Ba zan ɓoye muku ba, tunda duk unguwa ta sani: na yi maguɗin da ko a zaɓe ba a taɓa yin irinsa ba. Na hura ɗan lido da baki yana cikin juyawa. Na yi tari na girgiza ƙofar. Na ɓoye Tsito a bayan bujin da ba a nan yake ba a makon baya. Rabi ta kai ƙara har muryarta ta dishe, Kawu yana kallon rufin ɗaki yana cewa shi bai ga komai ba, ƙila iskar taurari ce. Haka Tsito ya yi ta rayuwa ba bisa ƙa'ida ba, gwangwani yana matsowa, har ya rage taki ɗaya tsakaninsu. Juma'a ɗaya, ko biyu in tsinken gajere ne.

A cikin makon ne, ana tsakiyar zafin bazara, Kawu ya tafi Baudeta gyara wa wani wutar rana. Ya dawo da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare. Na san abin da kuke jira in ce, ku da kuka biyo ni har nan. Kuna jira in ce mota ta makara. Ba ta makara ba. Maƙwabcinmu ya fito da motarsa tun kafin a gama sallama, akwai mai a cikinta, hanya a buɗe. An tarar da likita, an samu magani, an yi duk abin da ake yi. Kuma ya rasu. Wannan ce kaɗai dabarar da bai taɓa sakawa a wasan ba: taimako ya zo a kan kari, bai hana komai ba. Da ya saka ta, da na ce ya cika mugunta.

Ban yi kuka ba. A zaman makoki abin da na lura da shi shi ne wani dattijo ya zo da takalma ba iri ɗaya ba, na yi ta danne dariya har cikina ya ƙulle. Na ci gumbar sadaka, ta yi mini daɗi. Mata suka ce a ƙyale shi, yaro ne, bai san mutuwa ba, zai ji daga baya. Na yarda da su, na zauna jiran bayan. Muryata ta buɗe, gashi ya fara tsiro mini a haɓa guda uku da nake kira gemu, bayan bai zo ba. Ba baƙin ciki nake ji ba, ba kuma rashinsa ba. Kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta ce: ka san taka ce, kana ganinta, ka mintsine ta ba ka ji.

Da aka zo raba 'yan kayansa, babban kawuna ya ce a kwashe tarkacen ɗakin baya a mayar da harawa. Sai ga tsohuwar annoba ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. Ta ce duk wanda ya taɓa ko tsinke ɗaya, shi da Allah. Ita da ta kira su gumaka, ita ta sa kwaɗo ta rufe, ta ɗaure makullin a gefen zanenta. Ranar Juma'a kaɗai take kwance mini shi. In shiga, in cire yanar gizo-gizo, in tsaya. Tsito yana jingine a kan sakainarsa. Gwangwani yana inda aka bar shi. Ɗan lido yana gefen da Kawu ke zama.

Sau nawa Rabi ta biyo ni ta tsaya a bayana. “Tura shi mana, ɓarawon lido. Kai da ka yi maguɗi gaban mai shi, yau kake tsoron Allah?”

“Ba wasana ba ne. Shi ke da jifa.”

“Ba zai dawo ya jefa ba, Janar.”

“Na sani.”

Na sani ɗin. Amma duk wanda ya taɓa zama a wasa ya san abin da nake nufi. In abokin wasanka ya tashi ya fita, muddin shi ke da jifa, bai tafi ba, fita ya yi. Da na tura gwangwanin da hannuna, da na yarda kujerar ba mai ita. Ban ƙi gaskiya ba, jinkirta ta kawai nake yi, mako-mako.

Nakan tambayi kaina abin da Kawu zai ce da ya ga yau. Bayan rasuwarsa sojoji suka karɓi mulki. Inna ta ce ba wannan ne farko ba a rayuwata, wancan karon ina goye a bayanta, ana tsakiyar wani farin. Kowa ya daɗe ya ga daɗau, ni ban ma daɗe ba na gani. Ranar da rediyo ya cika da kiɗan soja, mutane suka yi cirko-cirko a tasha, ni dariya ta kama ni, don na tuna wani kwamanda da Kawu ke da shi, wanda duk lokacin da ya karɓi sitiyarin jirgi sai ya ce na ɗan lokaci ne, kafin a fita daga hadari, kuma sararin samaniya ba ya rabuwa da hadari. Ni dai ban ce komai ba, maganar laka nake yi. Aka rufe iyaka, wuta ta riƙa ɗaukewa, tiyar hatsi ta hau inda sai an ɗaga kai ake ganinta. Teburin da Kawu ke zama a tasha yanzu wani ne a kansa, yana cajin wayoyi, samari sun kewaye shi kowa da labarin da ya tsinto. A labaransu kullum ɓangarenmu tsarkakakke ne, na wancan shaiɗanu, kuma akwai wata babbar ƙasa can nesa da ta taso da taimako, sunanta ne kawai ke canzawa. Ina jin da Kawu zai saurare su duka, ya mari rediyon da ke hannunsa, ya tambaye su tsinke nawa ya rage.

Ko kuma ba zai ce komai ba. Ina yawan saka masa magana a baki, kuma matattu ba sa gardama. Wataƙila da murna zai yi da wasu abubuwan, wataƙila da ya fita da tuta kamar sauran. Ban sani ba. Shekara goma sha uku kaɗai na san shi, rabinsu ina cin ƙasa.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne me zai sa mutumin da ke cikin fari, aljihu babu nauyi, karatu bai kai shi ko'ina ba, ya zauna ya ƙirƙiri duniyar da ta fi tamu duhu. Da ni ne, da duniyar da kogin fura ke gudu zan ƙirƙira. Sai kwanan baya na tuna abin da yake yi in an tashi wasa. Yakan ce, “Janar, leƙa waje ka gani, ranarmu tana nan?” In leƙa in ce tana nan, har ta yi yawa. Ya ce to ba a shanye ta ba ke nan, mu je mu ci tuwo. Kuma wallahi tuwon ranar Juma'a, ko da miyar kuka ce tsirara, ya fi na kowace rana daɗi. Wanda ya fito daga Zamanin Toka, Tasawa aljanna ce gare shi, aƙalla zuwa magariba.

Bara da damina Rabi ta samu wurin karatu a Maraɗi. Ta ce ba za ta tafi ta bar rundunarta a tsaye ba, ko dai Tsito ya tsira ko ta murƙushe shi, amma a gama. Na kawo mata hujjata ta kullum. Ashe Kaka tana ji daga inda take tankaɗe.

“Wai jifar Isuhu ce ta hana ku?”

Muka ce ita ce.

“To ni na haife shi. Abin da ya bari bai gama ba, nawa ne. Ku nuna mini yadda ake jefa abin, in jefa.”

“Tsohuwa, caca ce fa,” na ce.

“Rufa mini baki, maigidan banza. Allah ya san ba kuɗi na sa ba.”

Ko a dokar Kawu ba inda aka hana uwa. Aka tsayar da Juma'a. Kaka har ta fara gwaji da tsakuwa a tsakar gida, tana tambayar Rabi ko da bisimilla ake jefawa. Da Juma'ar ta zo na ce kaina na ciwo. A gidanmu ba a wasa da ciwon kai tun daga wancan lokaci, sai aka bar ni na kwanta. Ta gaba na ce mushe, wato malamin ajinmu, ya ba mu aiki mai yawa, alhali ana hutu. Rabi ta dube ni, ba ta tona ni ba, ta ce saura Juma'a ɗaya ta tafi, in na sake wani ciwon ita za ta zama likitana.

A lakwal, makaranta ke nan, in abokaina suka tambaye ni yadda wasan ya ƙare, ina da ƙarshe kala-kala, gwargwadon masu sauraro. Akwai wanda Kaka ta jefa shida, ta yi guɗa, Tsito ya hau jirgi ya tarar an dafa masa shinkafa. Akwai wanda jirgin ya iso sai aka tarar maƙiya ne a ciki. Akwai wanda Tsito ya ƙi hawa, ya ce shi ba ya barin rijiya, wannan 'yan mata sun fi so. Ina ba da su da murya da hannu, ana dariya, wani lokaci har mushe ya tsaya a taga. A nan nake ganin abin da ya rage na Kawu. Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba, rediyoyin da ya gyara sun sake mutuwa. Ya bar yaro ɗaya da ba ya iya ganin buji a ƙasa ya wuce, da yarinya ɗaya a Maraɗi da ba ta yarda da duk labarin da mutanen kirki suka taru a gefe guda, da tsohuwa da ta koyi jifar lido ba ta jefa ba. Ko wannan ya isa a kira shi gado, ban sani ba. Komai nisan jifa ƙasa za ta faɗo, in ji masu magana. Ba su faɗi abin da ke faruwa da wadda ba a jefa ba.

Ga yadda ya ƙare. Ranar Laraba kafin Juma'ar ƙarshe, da rana tsaka, aka yi ruwan da tun da aka haife ni ban ga irinsa ba. Muna can muna kwarfe ɗakin Kaka da ƙwarya da bokiti, rufin ɗakin baya ya rufta. Fari ne ya tsare sojojin duk shekarun nan, ruwa ya narkar da su a yini ɗaya. Da muka ɗaga itatuwan, 'Yan Rijiya da Masu Shanye Rana sun zama curi ɗaya na laka, ba a gane Tsito a ciki. Ɗan lido ba mu gan shi ba. Babban kawuna ya haɗa lakar da wadda ya yaɓe katangar da ta tsage da ita. Gwangwanin kuwa a tsakar gida aka tsince shi, kusa da turken awaki. Bai kai sakainar ba. Kaka ta ɗauraye shi, yanzu 'yan tsaki ke shan ruwa a ciki.